Makwanci

A gidan rediyon da nake aiki a Kumasi, ni ke karanta sanarwar rasuwa. Takardun kan zo da Turanci, ni kuma in juya su Hausa. Kalmar da na fi cin karo da ita ita ce "cemetery". Na yi shekaru ina cewa maƙabarta, ban taɓa tambayar asalinta ba.

Ashe tun farko ba ruwanta da mutuwa. Daga Girkanci ta fito, "koimeterion", wato ɗakin kwana. Kiristocin farko ne suka laƙaba ta ga wurin da suke binne mamatansu, domin sun yi imani wanda aka kwantar zai tashi. Daga nan ta shiga Latin, ta bi ta Faransanci, ta isa Turanci wajen ƙarni na 14. Da ita da "cimetière" ta 'yan'uwanmu na Nijar, uwarsu ɗaya.

Mu ma haka muke. Mukan ce wane ya kwanta dama, mu roƙi Allah ya haskaka makwancinsa, mu ce barci ƙanin mutuwa ne. To, wannan lallashi ne ko ƙarya?

Ban ɗauki tambayar da nauyi ba sai da yayana ya rasu. Aka ce wa 'yarsa mai shekara biyar, "Baba barci yake yi." Kullum da safe sai ta tambaya wa zai je ya tashe shi. Da dare kuma ta ƙi yarda uwarta ta rufe ido, kada ita ma a ɗauke ta.

Ranar bakwai na zaunar da ita. Na ce, "Baba ya mutu. Ba zai dawo gidan nan ba. Amma akwai ranar da Allah zai tashe mu duka." Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. A daren ta yi barci.

Waɗanda suka kira kabari ɗakin kwana ba ɓoye mutuwa suka yi ba. Da hannunsu suka binne, sannan suka faɗi abin da suke fata. Mu kuwa fatan muka miƙa wa yarinya, muka riƙe gaskiyar, sai lallashinmu ya zame mata abin tsoro.

Har gobe ina cewa makwanci a rediyo. Amma sai na fara faɗin wane ne ya rasu, da lokacin da za a yi masa sallah.