Ladabin Taku a Ƙasar Allah

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ƙawata ta da tsirrai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ma'abota tarbiyya suna lissafa siyaha, wato yawo a bayan ƙasa don lura da aikin Ubangiji, cikin ayyukan ibada. Sai dai sharaɗinta shi ne ladabi, kuma ladabin matafiyi daga tafin ƙafarsa yake farawa.

A jihar Sarawak ta ƙasar Malesiya, kusa da garin Lundu, akwai gandun daji mai suna Gunung Gading, kurmi mai duhu da yawan ruwan sama. Baƙi na zuwa daga nesa don ganin furen Raflesiya, wanda a danginsa ake samun fure mafi girma a duniya, mai faɗin kusan mita 1. Ba shi da ganye, ba shi da saiwa, ba shi da kara. A jikin wata kurangar daji yake rayuwa. Tohonsa kan yi kimanin wata 9 yana girma a ƙasa kamar kabeji, sannan ya buɗe kwana 4 ko 5, ya yi baƙi ya ruɓe. Saboda haka aka shimfiɗa wa baƙi hanyar katako, ma'aikatan gandun na yi musu jagora, domin taku ɗaya a kan tohon da busassun ganye suka rufe ya isa ya rushe rainon wata tara.

Mutumin Gure ba sai ya ƙetare teku zai ɗauki wannan darasi ba. A ƙasar Muniyo, gabas da Damagaram, Allah ya ajiye kwaruruka a tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa yake kusa, dabino da goriba suke tsaye, ake lambu, ake haƙar kanwa. Yau yashi yana gangaro musu, domin itatuwan da ke riƙe da tuddan sun yi ƙaranci. Mutanen ƙauyuka suna kafa shingen rassa a kan tuddan, suna dasa 'yan itatuwa a tsakaninsu, suna jiran damina. Wanda ya zare reshe daga shingen don girki, ko ya saki awakinsa a kan dashen, ya ci amanar masu lambun da ke ƙasa, ko da carbi na hannunsa. Kowace halitta tana tasbihi ga Mahaliccinta, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi bushara da ladan sadaka ga Musulmin da ya yi dashe har mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci.

Haka abin yake a cikin zawiya. Sabon muridi toho ne da bai buɗe ba. Yakan yi watanni yana kokawa da zuciyarsa a ɓoye, sai wani da ya riga shi shiga ya tsinka shi a gaban jama'a saboda ya yi tuntuɓe a lafazi, washegari a nemi yaron a rasa. Wanda zikiri ya ratsa shi, takunsa kan yi sauƙi, harshensa ma haka.

Allah ya hore wa bayinsa ladabi da halittunsa, ya tsare kwarurukan Gure daga yashi, ya tsare zukata daga bushewa, albarkar Shugaba (SAW). Amin.