Begen Mawaƙin Da Ya Tafi

A unguwar Nasarawa, kudu da kogin Kaduna, akwai dattawa waɗanda suka ƙare ƙarfinsu a masaƙun Kakuri. Da la'asar sakaliya sukan zauna a ƙofar gida, wani ya ɗora wayarsa bisa tabarma ya sa waƙar Alhaji Mamman Shata. Sai wuri ya yi tsit, ana kaɗa kai. Amma in aka sa waƙar wani magajinsa, ko da ɗansa ne na cikinsa, ga kalangu iri ɗaya, ga amshi iri ɗaya, nan da nan wani zai tsuke baki ya ce a kashe, wai tun ran da Shata ya rasu waƙa ta mutu. To, wannan hukunci adalci ne kuwa?

Lalle ba su yi ƙarya ba game da gwanintar mutumin. An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina, ya yi shekaru fiye da hamsin yana waƙa. Yakan tsaya gaban taro ya ƙaga waƙa nan take, makaɗa na matse tsarkiyar kalangu suna bin muryarsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano cikin watan Yuni na 1999, aka kai shi Daura aka binne. Wanda ya ji irin wannan mutum da kunnensa, in ya yi begensa ba laifi, gama tunawa da wanda ya faranta maka rai wani reshe ne na godiya.

Sai dai a duba da kyau, me ake bege? An buɗe masaƙar farko ta Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, gidan rediyon Kaduna kuma ya soma aiki a 1962. Saurayi ya baro ƙauyensu ya kama ɗaki a Nasarawa, ƙarshen wata ya karɓi albashi, ya sayi keke da rediyo, ya yi aure. Duk cikin wannan hali muryar Shata ce ke tashi daga akwatin. Shekara uku bayan rasuwarsa, watau 2002, wannan masaƙa ta daina aiki, sauran kuma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kafin haka rikicin shekarar 2000 ya riga ya raba maƙwabta da yawa, waɗansu suka ƙetare kogi ba su komo ba. Saboda haka in dattijo ya ji kalangun nan, ba Shata kaɗai yake ji ba. Yana jin jiniyar tashi daga aiki, da ƙarfin gwiwarsa na da, da abokan da suka watse. Magaji kuwa, kome zaƙin muryarsa, ba shi da ikon mayar wa mutum da ƙuruciyarsa. Ana bin sa bashin da bai ci ba.

Har wa yau akwai wata rashin daidaito a ma'aunin. Abin da ya rage na Shata shi ne wanda aka ɗauka a faifai da kaset, aka yi ta maimaita mafi daɗinsa. A faifai murya ba ta dushewa, makaɗi ba ya gajiya. Shi kuwa mai rai da shi ake awo a daren da mura ta kama shi, ko lasifika ta ƙi. In ya bi salon tsoho sak, a ce kwaikwayo. In ya kauce, a ce ya ɓata gado. Ina zai sa kansa?

Wannan hali ba na Hausawa ba ne kaɗai. A Ingila akwai wata ƙungiyar makaɗa da ake kira Queen, mawaƙinsu Freddie Mercury ya rasu a 1991. Daga baya biyu daga cikin makaɗan suka ɗauko wani Ba'amurke, Adam Lambert, suka yi ta yawon wasa da shi. Waɗansu masoyan suka cika fili, waɗansu suka ce ba su san wannan ba.

Mai gardama zai ce, ai kunne ba a yi masa dole, kowa da abin da ke masa daɗi. Gaskiya ne. Ba wanda zai tilasta wa dattijo son muryar da ba ta kwanta masa ba. Amma ƙin saurare daban, kushewa daban. Makaɗi da kari yake ci, kari kuwa yabo yake bi. Yaron da ya ga ana kushe mai kalangu a gaban jama'a ba zai yarda ya sha wahalar koyonsa ba, sai ya nufi ɗakin da ake haɗa kiɗa da na'ura. Ga shi yanzu a bukukuwa da yawa lasifika kawai ake haya, a jona mata waya. Dattawan da suka ce a kashe waƙar magaji su ne kuma ke zaune a gefen rumfa, suna tambayar juna ina makaɗa suka shiga.