Kabbara a Hawa, Tasbihi a Gangara

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, makon jiya mu shida daga wannan masallaci muka je Gembu ta'aziyyar mahaifin ɗaya daga cikinmu. Da yake Babbar Sallah ta ƙarato, kuma wasunku za su hau Mambila sayo shanun da za a sauke a Oko-Oba, muka ga ya dace mu yi tunatarwa a kan wannan hanya.

A Serti muka kwana, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. An kafa shi a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, ya haɗa Taraba da Adamawa. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, duk ƙasar nan babu wanda ya kai shi. Daga Mayo Selbe hanya ta fara hawa, kwana bayan kwana, dutse ta nan, rami ta can. Mu da muka saba da hayaƙin danfo da ihun kwandasta a ƙarƙashin gadar Oshodi, sai ga mu muna hangen gajimare a ƙasanmu, ga korayen tuddai iya ganinka. Dattijon cikinmu ya tuna mana cewa Suratul Gashiya ta kira mu mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, mu ga yadda aka yi kowanne.

To matafiyi yana da aikin yi a irin wannan wuri. Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (RA) cewa sahabbai in sun hau tudu kabbara suke yi, in sun gangara kuma su yi tasbihi. Malamai sun bayyana hikimar: hawa kan sa zuciya jin girma, sai bawa ya tuna Allah ne Mafi girma. Gangara kuwa shiga ƙunci ce, sai ya tsarkake Ubangijinsa kamar yadda Annabi Yunusa (AS) ya yi a cikin kifi.

A dawowa muka ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Muna cikin gangara sai warin ƙonewar birki ya cika motar. Muka yi wa direba magana, ya ce, "Malam, ai Allah ne mai tsarewa." Dattijo ya ce, "Gaskiya ne, ɗana, amma tsaya. Wanda ya tambayi Manzon Allah a kan raƙumarsa, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara." Wannan hadisi yana cikin Tirmizi. Muka samu fili muka tsaya har birki ya huce, muka sauko a ƙaramar giya. Wallahi da mun yi shiru, Allah kaɗai Ya san abin da za a sanar muku yau.

Saboda haka jama'a, a duba birki da taya kafin a bar Serti. Kada a yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta, kada a hau ko a gangara da dare ko cikin hazo. Alhazai masu kaya, ku daina matsa wa direba da waya don kasuwa za ta tashi. Ransa da na yaran mota amana ne a wuyanku. Sallah ma an sauƙaƙa ta: tafiyar da ta kai mil 48 ana yi mata kasaru, babu uzurin barinta.

Allah Ya jiƙan mamacin, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci