Ɗalibin Ɗaukar Hoto Tsakanin Shaida Da Sutura

Daga cikin darussan da ɗalibin aikin jarida yake fara cin karo da su a jami'a akwai ɗaukar hoto. Akan koya masa yadda zai daidaita ƙofar da haske ke shiga kyamara, da saurin buɗewarta da rufewarta, da inda ya kamata ya tsaya, da yadda zai jera hotuna biyar ko shida su ba da labari ba tare da an rubuta ko kalma ɗaya ba. Tushen wannan ilimi ba baƙo ba ne ga Musulmi, gama Hasan Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana a Kitabul Manazir yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya fito da surar abin da ke waje a kife.

Batun halaccin hoton kansa tsohon saɓani ne. Shehu Muhammad Bakhit, wanda ya zama Muftin Masar a 1914, ya tafi a kan cewa hoton kyamara kama inuwa ne kamar yadda madubi ke yi, don haka ya halatta shi. Waɗansu, kamar Shehu Abdul'aziz bin Baz, sun hana sai da larura. To, amma ko wanda ya bi masu halattawa, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi tana jiransa.

Ɗalibin nan ba zai daɗe ba zai gane cewa hoto yana da iyaka ta kusurwa huɗu, kuma shi ne mai yanke abin da zai shiga da abin da zai saura a waje. In ya durƙusa ya ɗauki mutum daga ƙasa, sai ya fito da kwarjini. In ya ɗauke shi daga sama, sai ya fito a ƙasƙance. Taron mutum hamsin yakan zama kamar dubu idan an matse shi cikin hoto. Ba a ƙara kome ba, ba a goge kome ba, duk da haka mai kallo na iya tashi da fahimtar da ba ita ce gaskiya ba. Watau dai mai kyamara mai ba da shaida ne, shari'a kuwa ba ta wasa da shaida. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana ɓoye ta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shaidar zur cikin mafiya girman zunubai.

A watan Maris na 1993 wani ɗan jarida na Afirka ta Kudu, Kevin Carter, ya sauka a Ayod, a kudancin Sudan na wancan lokaci, ana tsakiyar yaƙi da yunwa. Ya ɗauki hoton wani yaro da ya kife a ƙasa, ungulu na tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga shi, duniya ta girgiza, aka ba shi lambar Pulitzer a 1994. Sai jama'a suka taso masa: me ya yi wa yaron? Shi da bakinsa ya ce ya jira kamar minti 20 ko ungulun za ta buɗe fikafikai, daga baya ya kore ta. A watan Yuli na shekarar ya kashe kansa, yana da shekara 33, ko da yake ba adalci ba ne a ɗora wannan kan hoton kaɗai. Abin da hoton bai nuna ba shi ne akwai wurin rabon abinci a kusa. A 2011 jaridar El Mundo ta Sifen ta bi sawu, ta ruwaito cewa yaron ya tsira daga wannan yunwa.

Shin Carter ya kyauta? Shaidarsa ta farkar da mutanen da ba su san ana mutuwa a Ayod ba, wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma da yawa daga masu zarginsa ba su taɓa aika ko mudun dawa can ba. Amma fiƙihu bai bar tsarin gabatarwa a duhu ba. Malaman Malikiyya sun ɗora lamuni a kan wanda ya iya ceton rai ya ƙi, kuma mai salla ma yakan yanke ta don makahon da ya nufi rijiya. Abin da ake yanke salla dominsa, ai ba a jinkirta shi don ungulu ta buɗe fikafikai.

Sai kuma haƙƙin wanda aka ɗauka. Musulunci ya kwaɗaitar da suturta mutum, aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Ɗalibin da aka tura ya kawo labarin almajirai a Kano, ko na 'yan gudun hijira a Maiduguri, zai tarar hoton da ya fi motsa zuciya shi ne wanda ya fi tona asiri: yaro da tsumma yana suɗar kwano, uwa tana kuka ƙirji a buɗe. Waɗannan mutane ne masu dangi, hoton kuwa a zamanin intanet ba ya mutuwa, yaron zai girma ya same shi yana jiransa.

Ba a ce ɗalibi ya rataye kyamara ba, don ɓoye halin da suke ciki shi ma ɓoye shaida ne. Shaidar dai a kan halin ake bayar da ita da waɗanda suka jawo shi, sutura kuwa ta wanda abin ya faɗa wa ce. Layin kwanoni a bakin tukunyar da ta ƙare yana faɗin yunwa ba tare da fuskar kowa ba. Inda fuskar ta zama dole, sai ya yi sallama, ya nemi izinin mai ita ko waliyyinsa, ya gaya musu inda hoton zai tafi, sa'an nan ya rubuta a ƙarƙashinsa wuri da rana da abin da kusurwoyin nan huɗu suka bari a waje.