Idan Aka Tashi Kasuwa, Mene Ne Aikin Uwargida?

  

Duk wadda ta shiga tsakiyar birnin Kano a 'yan shekarun nan ta san gari ya sauya. An faɗaɗa tituna, an gina gadoji, an tayar da dogayen benaye a inda a da rumfuna ne. Gyaran gari abu ne mai kyau, amma ƙaramin ɗan kasuwa shi ke fara jin zafinsa. A watan Yunin 2023 an rushe shagunan da ke Filin Idi. A 2024 an umarci masu sayar da magani a sari su bar Sabon Gari su koma Dangwauro. Kafin nan ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ga ambaliyar Kantin Kwari ta 2022.

Wata za ta ce, to ni da nake cikin ɗakina, ina ruwana? Haba 'yar'uwa, ai ruwanki ne tsundum. Ranar da aka tashi rumfar maigida, a tukunyarki za a fara gani. Mai dafa abinci tana aika wa 'yan kasuwa ta rasa masu saye. Mai ɗinki ta rasa wanda ke ba ta atamfa bashi. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta rasa teburin da ake ajiye mata kaya. Rumfa ɗaya ce ta faɗi, amma gidaje da yawa ne suka girgiza.

Mu koma ga magabatanmu. Sahabban da suka yi hijira sun baro gidaje da dukiya a Makka. Da Abdurrahman bin Auf (RA) ya isa Madina, Sa'adu bin Rabi'u (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Sai ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara. Ba a daɗe ba ya yi aure, ya biya sadaki da zinariya. Ku duba fa, ɗaya ya miƙa hannu da zuciya ɗaya, ɗayan kuma bai kwanta ya jingina da ɗan'uwansa ba. Waɗannan halaye biyu su ke tayar da al'umma bayan faɗuwa.

Akwai kuma Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa (RA) daga Yaman. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan abinci ya yi musu ƙaranci, sukan tara ɗan abin da ke hannun kowa a mayafi guda, su raba daidai. Manzon Allah (SAW) ya yabe su har ya danganta su da kansa. Ashe adashin gaskiya da asusun taimako na makarantun Islamiyyarmu suna da madogara.

Saboda haka ga nasihata gare mu.

Na farko, harshenki. Mijin da ya dawo an rushe masa shago ba ya buƙatar gori ko kwatanta shi da mijin wance. Ki tarbe shi da ruwa da kyakkyawar magana, ki rage buƙatu, ankon biki ya jira. Nana Khadija (RA) attajira ce, amma ta zauna tare da Manzon Allah (SAW) a Shi'ibu Abi Ɗalib shekara uku ana yunwa, ba ta juya baya ba.

Na biyu, kada ki raina sana'ar hannu. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi (RA) tana jima da ɗinkin fata, tana sadaka da abin da ta samu. Zainab matar Abdullahi bin Mas'ud (RA) ta tambaya game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka yi mata albishir da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ciyarwa wajibin miji ce, kuma dukiyarki taki ce. Amma idan kika tallafa don Allah, ba ki yi asara ba.

Na uku, bashi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarce mu da mu jinkirta wa wanda ke cikin matsi har ya samu sauƙi. Idan maƙwabciyarki ta kasa zubin adashi saboda an tashi mijinta, kada a tara mata mata a tsakar gida. Uwar adashi ta zauna da ita a ɓoye a sake tsari. Ita kuma wadda ake bi kada ta fake da musiba ta cinye haƙƙin mutane. Aya ta 282 ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Littafi da biro ba rashin yarda ba ne, umarnin Allah ne. Sannan mu guji rancen ruwa, har da na wayar salula da ke zuwa cikin minti biyar. Riba haramun ce, kuma mai ƙaramin jari take fara cinyewa.

Na huɗu, mu bi namu da ciniki. Idan wadda kika saba saye a wajenta ta koma bayan gari, ki karɓi lambarta, ki yi mata aike, ki sanar da 'yan ajinku sabon wurinta. Cinikin ki na sabulu ko daddawa yana iya zama abincin daren gidanta.

Na biyar, ko da wuya ta yi wuya, kada a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata farantin talla. Shago ana sake gina shi, tarbiyya kuwa idan ta rushe gyaranta sai an sha wahala.

'Yan'uwa, kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15. An sha sauya rumfunanta, amma amana da sanayya suka riƙe ta. Duk wadda ta karanta wannan, ta nemi gida ɗaya a layinsu da wannan jarrabawa ta shafa, ta leƙa su kafin Juma'a mai zuwa, ko da mudun gero ne a hannunta.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya ba shugabanninmu ikon yin gyara cikin adalci da tausayi, Ya sanya albarka a sana'o'inmu. Amin.