Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?

A Amurka akwai digiri na biyu, wato masta, wanda ake yi don koyon tafiyar da sashen wasanni na jami'a. Jami'ar Ohio ce ta fara buɗe irin wannan karatu a 1966. Ana koyar da kasafin kuɗi, dokoki, kwantiragin talabijin da neman gudummawar attajirai. Aikin babba ne: filin ƙwallon Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100.000, kuma a 2010 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta sayar da izinin nuna gasarta ta ƙwallon kwando na shekara 14 a kan dala miliyar 10,8.

Tambayata, ƴan'uwa, ita ce: mutumin kirki zai iya koyon wannan sana'a ya fito da hannunsa tsab?

Ni ilimin harshe nake karanta, don haka daga kalma zan fara. A 1955 wani ɗalibi, Ray Dennison, ya mutu sakamakon bugu a kai da ya samu cikin wasa a jihar Kolorado. Matarsa ta nemi diyyar da ake ba iyalin ma'aikaci, kotu ta hana, don a ganinta marigayin ɗalibi ne, jami'a ba ta ɗauke shi aiki ba. A wannan zamani ne NCAA ta yaɗa laƙabin da ke nufin "ɗalibi-ɗan-wasa". Walter Byers, wanda ya shugabance ta shekaru da dama, ya faɗa da kansa a littafinsa na 1995 cewa an ƙirƙiro laƙabin ne don gudun biyan irin wannan diyya. Kun ga aikin suna: da an kira yaro ɗalibi, shi ke nan, guminsa ya tashi daga aiki ya koma wasa.

Amma kar mu yi saurin yanke hukunci. Kuɗin ƙwallon ne ke riƙe da ninkaya, guje-guje da wasannin mata, waɗanda dokar 1972 ta hana a nuna musu bambanci. Ɗan talaka da yawa bai taka jami'a ba sai da bursin wasa. Kuma in mutanen kirki duka suka guji kujerar darakta, wa zai hau ta? Wanda bai damu ba mana.

To, a ganina ilimin kansa ba shi da laifi. Lissafi lissafi ne. Matsalar tana wurin da mai lissafin ya rubuta yaron cikin littafinsa: cikin kadarori ko cikin amana. Ƙasa da biyu cikin ɗari na waɗannan ƴan wasa ne ke zama ƙwararru masu albashi. Sauran, takardar digiri da lafiyar jikinsu kawai za su kai gida. Daraktan da ya bari aka cinye musu waɗannan biyun ya ci amana, ko da asusunsa ya cika.

Gaskiya abubuwa sun sauya. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara duka, ta ba NCAA rashin gaskiya, kuma tun Yulin shekarar ɗan wasa na iya cin kuɗin sunansa da hotonsa. Sai dai ku lura, ƴan wasa ne suka kai ƙara. Masu digirin tafiyar da wasanni suna ofisoshinsu shekara da shekaru, gyaran bai fito daga wajensu ba.

Shi ya sa jarrabawar da zan yi wa mai wannan masta guda ɗaya ce. Likita ya ce gwarzon ƙungiya ya huta mako biyu, gobe kuma wasan ƙarshe, an riga an sayar da tikiti. Wa zai saurara?