Ina Iyakar Gonata Idan Rafi Ya Ratsa Ta?

Manomi yakan ce, "Gonata ce, gadon ubana." Gaskiyarsa ce. Sai dai ruwan saman da ya sauka a gonar bai san iyaka ba. Yana gangarawa da duk abin da ya tarar, taki ne, maganin feshi ne, ko ƙasar da ta zaizaye bayan an sare itatuwa, har ya isa randar mutumin da manomin bai taɓa gani ba. Shin ikon mai gona ya kai har cikin wannan randa?

A ganina bai kai ba, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan. Sun ware wa rijiya da ƙorama harimi, filin da ke kewaye da su, wanda ba a yarda kowa ya yi haƙa ko gini a cikinsa da zai cutar da ruwan ba. Manzon Allah (SAW) ya keɓe filin Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, duka don maslahar jama'a. Ƙasa amana ce kafin ta zama dukiya.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne rijiyar Ruma a Madina. Sayyidina Usman bai ƙwace ta ba, saye ya yi, ya bar wa jama'a su sha. Adalci ke nan ga mai ƙishirwa da mai rijiya baki ɗaya. A 1997 birnin New York na Amurka ya bi irin wannan hanya. Maimakon ya gina katafaren wurin tace ruwa, ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan tsaunukan Catskill, mafarin ruwansa, ya sayi filaye a hannun waɗanda suka yarda su sayar, yana kuma biyan manoma su nisanta shanu da kashinsu daga rafuka.

Mu ma a Kano, ruwan da ke taruwa a madatsar Tiga ta dajin Falgore yake biyowa. Muna so mai gatari da makiyayi su bar dajin, amma me muka ba su madadinsa? Mai zuba dattin masana'anta a kogi yana da hisabi a gaban Allah. Mu da ke buɗe famfo a birni ma akwai bashi a wuyanmu, na mutanen da muke so su tsare mana mafarin ruwa da yunwa a cikinsu. Mu biya su, shi ne haƙƙin maƙwabtaka.